Zinariyar Asante ta dawo Kumasi da sunan aro: nazarin lamarin fadar Manhyia

Gidan da abin da ya dame shi

A unguwar Manhyia da ke Kumasi, a ƙasar Ghana, akwai wani gidan bene da Turawan mulkin mallaka suka gina a 1925 domin Sarkin Asante, Prempeh na Ɗaya, bayan ya dawo daga tsibiran Seshel inda suka tsare shi. A 1995, lokacin da Otumfuo Opoku Ware na Biyu ya cika shekara 25 a kan karaga, aka mayar da gidan wurin adana kayan tarihi. Mai ziyara yakan ga kujerun sarauta da kayan ɗaki da hotuna da mutum-mutumin sarakunan da suka shuɗe, an yi su daidai tsayin mutum. Amma babban kaso na tsofaffin kayan sarauta na zinariya, waɗanda aka ƙera tun Asante na kan ganiyarta, ba sa cikin gidan. Suna Landan, wasu a Gidan Tarihin Birtaniya, wasu a gidan tarihin Victoria da Albert, wanda ake taƙaita sunansa da V&A.

Matsalar ke nan a taƙaice. Fada na son kayan. Gidajen biyu sun ce ko da suna so su bayar, doka ta ɗaure musu hannu. An yi shekara 50 ana wannan ja-in-ja kafin a samu mafita ta hanyar aro.

1874 zuwa 1900: yadda kayan suka fita

A ƙarshen Janairun 1874 rundunar Birtaniya ƙarƙashin Sir Garnet Wolseley ta yi galaba a kan mayaƙan Asante a Amoaful, ranar 4 ga Fabrairu kuma ta shiga Kumasi. Mutanen Asante har yau suna kiran wannan yaƙi Sagrenti, wato yadda sunan kwamandan ya faɗo a harshensu. Sarki Kofi Karikari ya riga ya fice daga birnin. Sojoji suka shiga fada suka kwashi abin da za su iya ɗauka, suka tarwatsa ginin dutsen da ke cikinta da albarushi, suka cinna wa gari wuta, suka juya zuwa gaɓar teku.

Bayan nan aka ƙulla yarjejeniyar Fomena, wadda ta ɗora wa Asante tarar oza 50,000 ta zinariya, kusan tan ɗaya da rabi. Kason farko na tarar an biya shi ne da kayan ado da kayan sarauta. Don haka kayan sun fita ta ƙofa biyu: ganima da aka kwasa da hannu, da tara da aka karɓa bayan an ƙone gari. An yi gwanjon wasu a Cape Coast. Wasu suka isa hannun Garrard, maƙeran kayan adon gidan sarautar Ingila, su kuma suka sayar. A wannan shekarar ce gidan tarihin da daga baya ya zama V&A ya sayi nasa daga Garrard, wani attajiri mai suna Richard Wallace shi ma ya saya.

Wannan tarihi ya taɓa mu Hausawa ta fuska biyu. Ta ɗaya, fataken goro sun daɗe suna bin hanyar Gwanja da Salaga, akwai malamai Musulmi a fadar Kumasi tun kafin zuwan Wolseley, kuma layun da ke jikin rigunan yaƙin Asante hannun malamai ne ya rubuta su. Ta biyu, cikin rundunonin da suka yaƙi Asante akwai sojojin Hausawa, musamman waɗanda Kyaftin John Glover ya tara a Legas, har ake kiran su Hausawan Gulaba. Bahaushen Zangon Kumasi na yau yana iya samun kakansa a kowane ɓangare na labarin.

A Janairun 1896 Turawa suka sake shiga Kumasi, ɗaya daga cikin hujjojinsu kuwa shi ne ba a gama biyan tarar 1874 ba. Suka kama Prempeh na Ɗaya, suka sake kwasar kaya. A 1900 Gwamna Frederick Hodgson ya nemi a kawo masa Kujerar Zinariya, kujerar da Asante suka ɗauka a matsayin ruhin al'ummarsu, abin da ya tayar da yaƙin da wata sarauniya mai suna Yaa Asantewaa ta jagoranta. Kujerar ba ta taɓa shiga hannunsu ba, an ɓoye ta. Prempeh ya dawo gida a 1924.

1974: an nemi a mayar, an ƙi

Da yaƙin Sagrenti ya cika shekara 100, Opoku Ware na Biyu ya nemi Birtaniya ta dawo da kayan dungurungum. Buƙatar ta bi ta hannun gwamnatin Ghana, har aka tattauna ta a majalisar dattawan Birtaniya. Ba a mayar da ko zobe ɗaya ba.

Amsar ta dogara ne da doka. Dokar Gidan Tarihin Birtaniya ta 1963 ta hana amintattun gidan rabuwa da abin da ke cikin taskarsa, sai a 'yan wurare ƙalilan, kamar idan abu yana da tagwai, ko ya lalace har ba shi da amfani. A 1983 aka yi wata doka da ta ɗora wa V&A irin wannan takunkumi. A 2005 wata babbar kotu a Landan ta ƙara ɗaure maganar. Shari'ar ta shafi zane-zane huɗu ne da 'yan Nazi suka ƙwace daga wani Bayahude ɗan Cekosulobakiya, gidan tarihin da kansa ya yarda ya kamata a mayar wa magada, amma alƙali ya ce nauyin da mutum yake ji a zuciya ba ya karya dokar majalisa.

Akwai abin lura guda biyu a nan. Dokokin da suka hana bayarwa har abada sun yarda da aro. Sannan majalisar Birtaniya takan sassauta idan ta ga dama: a 2004 ta ba da damar mayar da ƙasusuwan mutane, a 2009 ta ba da damar mayar da kayan da 'yan Nazi suka ƙwace. Kayan da aka kwasa a yaƙe-yaƙen mulkin mallaka ba su samu irin wannan sassauci ba.

1981 zuwa 2022: aro na tafiya, amma ta hanya ɗaya

Dangantaka ba ta yanke ba. A 1981 Gidan Tarihin Birtaniya ya shirya babban baje-koli a kan masarautar Asante a Landan, wani babban ma'aikacin gidan mai suna Malcolm McLeod ne ya tsara shi, kuma Opoku Ware na Biyu ya halarta da kansa. Sarki ya je Landan ya ga kayan kakanninsa a cikin gilashi. Talakawansa ba su da wannan hali.

A waɗannan shekarun Afirka ta Yamma ba ta yi rowar aro ba. Daga 1980 Najeriya ta aika da kawunan Nok da tagullar Igbo-Ukwu da ta Ife da ta Benin suka zaga biranen Amurka da Turai, a ƙarƙashin jagorancin Ekpo Eyo. A 2010 kuma kayan Ife kimanin 100 daga gidajen tarihin Najeriya suka je Gidan Tarihin Birtaniya bayan sun biya ta Sifaniya. Sun tafi, sun dawo. To me ya hana kaya su bi hanyar a juye, daga Landan zuwa Kumasi? Abubuwa uku suka tare hanya, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Mafi nauyi shi ne kalmar kanta. Bahaushe ya bambanta aro da rance: rance kana mayar da kwatankwacin abin da ka karɓa, aro kuwa ainihin abin za ka mayar wa mai shi. Duk wanda ya ce "ara mini" ya riga ya faɗi ko wane ne mai kaya. Haka takardar aro ta gidajen tarihi take, a al'ada tana ɗauke da amincewa cewa mai bayarwa ne mamallaki a idon doka. Gwamnatin da take cewa an sace mata kaya ba za ta sa hannu a irin wannan takarda cikin sauƙi ba. Shi ya sa Girka ta ƙi karɓar duwatsun Patenon, wato sassaƙen tsohon haikalinta da ke Gidan Tarihin Birtaniya, da sunan aro. Shi ya sa a 2018, da V&A ta yi wa Habasha tayin aro na dogon lokaci na kambin zinariya da sauran kayan da sojojin Birtaniya suka kwasa a Magdala ta ƙasar Habasha a 1868, maganar ba ta je ko'ina ba.

Na biyu tsoro ne daga ɓangaren mai bayarwa: idan kaya suka isa ƙasarsu ta asali, wa zai tabbatar sun dawo? Ƙasashen da suka saba karɓar aro sun magance wannan da dokar da ke hana kotu ko hukuma riƙe abin da aka aro daga waje. Amurka ta yi tata tun 1965. Birtaniya ta yi tata a 2007, har ta gaggauta fara aiki da ita a ƙarshen shekarar saboda Rasha ta ce ba za ta aiko da zane-zanenta zuwa wani baje-koli a Landan ba sai an ba ta kariya. Cikin 'yan kwanaki aka share hanya, kaya suka zo a Janairun 2008.

Na uku shi ne sharuɗɗa da kuɗi. Kafin babban gidan tarihi ya ba da aro, mai karɓa sai ya cike doguwar takarda a kan gininsa: ƙofofi da makullai, masu gadi dare da rana, kyamarori, maganin gobara, wutar lantarki da abin da zai tsaya idan ta ɗauke. Ma'aunin da manyan gidajen tarihi suka amince da shi a 2015 ga mafi yawan kaya shi ne zafi tsakanin digiri 16 da 25, laima kuma tsakanin kashi 40 da 60 cikin 100. Zinariya ba ta damu da laima sosai ba, amma fata da itace da ke haɗe da ita sun damu, Kumasi kuwa ƙasar kurmi ce mai yawan ruwa. Ga akwatuna na musamman, ga ma'aikacin da zai raka kaya ƙafa da ƙafa, ga rahoton lafiyar kowane abu kafin a naɗe shi da bayan an kwance shi, ga inshora tun daga bangon da aka sauke abu har ya koma bangon. A Birtaniya gwamnati takan tsaya a madadin inshora ga kayan da aka aro zuwa cikin ƙasar, abin da ke rage wa gidajen tarihinta kashe kuɗi mai yawa. Ƙaramin gidan tarihi a Afirka ba shi da wannan gata.

Daga 2017 iska ta fara sauyawa. Shugaban Faransa Emmanuel Macron ya yi jawabi a Wagadugu a Nuwamban shekarar yana cewa a mayar da kayan tarihin Afirka, na ɗan lokaci ko na dindindin. A Nuwamban 2019 Faransa ta miƙa wa Senegal takobin da ake dangantawa da Alhaji Umar Tal, wato Shehu Umar Futi wanda ya yi shekaru a Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. An miƙa shi ne da sunan aro na shekara biyar, domin dokar Faransa ma ta hana rabuwa da kayan gwamnati. A Disamban 2020 majalisar Faransa ta yi doka ta musamman, takobin ya zama na Senegal. A Yulin 2022 Jamus ta amince ta mayar wa Najeriya mallakar tagullar Benin fiye da 1,100, wasunsu kuma suka ci gaba da zama a Jamus, amma yanzu Najeriya ce mai ba da aron.

Mayu 2023 zuwa Janairu 2024: tattaunawar da ta haifi ɗa mai ido

Otumfuo Osei Tutu na Biyu ya hau karaga a Afrilun 1999. A Mayun 2023 ya je Landan bikin naɗin Sarki Charles na Uku, ya yi amfani da tafiyar ya gana da shugaban Gidan Tarihin Birtaniya na lokacin, Hartwig Fischer. Shugaban V&A, Tristram Hunt, shi ma ya riga ya ziyarci Kumasi a 2022. Osei Tutu ya naɗa mutum biyu su yi magana da yawunsa: masanin tarihi Ivor Agyeman-Duah, da Malcolm McLeod, mutumin nan da ya shirya baje-kolin 1981. Ɗaya ya san fada, ɗaya ya san ciki da wajen gidan da ake neman kaya a wurinsa, domin ya yi shekaru yana shugabantar sashen da ke riƙe da su.

Akwai kuma ranar da ba ta ɗagawa. Shekarar 2024 ta haɗa abubuwa uku: shekara 150 da yaƙin Sagrenti, shekara 100 da dawowar Prempeh, da cikar Osei Tutu shekara 25 a sarauta. Duk abin da za a yi, dole a gama shi kafin bukukuwan.

Ana tsakiyar maganar, a Agustan 2023, Gidan Tarihin Birtaniya ya sanar da cewa kimanin abubuwa 2,000 na taskarsa sun ɓata ko an sace ko an lalata su. Fischer ya yi murabus. Tattaunawar ba ta tsaya ba, amma tsohuwar hujjar nan ta cewa kaya sun fi samun tsaro a Landan ta yi rauni a bakin masu faɗinta.

Ranar 25 ga Janairun 2024 aka sanar da yarjejeniya. Abubuwa 32 za su je Kumasi, 15 daga Gidan Tarihin Birtaniya, 17 daga V&A. Wa'adi shekara uku, ana iya ƙara wasu uku. Yarjejeniyar tsakanin gidajen tarihin biyu ce da gidan tarihin fadar Manhyia, ba da gwamnatin Ghana ba. Wannan shi ne ya kwance ƙullin farko. Gwamnati ba ta sa hannu a komai ba, saboda haka ba ta zubar da da'awarta ba. Fada ta karɓi aro, ta kuma ci gaba da faɗa a fili cewa burinta kayan su zauna har abada.

Gidajen tarihin biyu sun faɗi a sanarwarsu cewa da yawa daga cikin kayan ganima ce da aka kwasa daga Kumasi. Hunt ya kwatanta su da kayan sarautar Ingila da ke Hasumiyar Landan, ya kuma ce wannan ba mayarwa ba ce ta ƙofar baya. Agyeman-Duah ya ce za su mutunta alkawari su mayar idan lokaci ya yi. Gwamnatin Birtaniya ta ce tana sa ran dawowar kayan. A Ghana da wajenta mutane da yawa sun fusata, kuma tambayarsu ɗaya ce: yaushe ɓarawo ya fara ara wa mai kaya kayansa?

Fabrairu zuwa Mayu 2024: kaya biyu, hanya biyu

Kafin na Landan su iso, wasu suka riga su. A farkon Fabrairu gidan tarihin Fowler na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles ya kawo abubuwa bakwai Kumasi, ciki har da wutsiyar giwa ta sarauta da kujera mai ado da kayan zinariya. Ba aro ba ne, mayarwa ce ba sharaɗi. Kayan sun isa Fowler a 1965 daga tarin Henry Wellcome, ma'aikatan gidan suka bi takardu suka gano asalinsu daga 1874 ne, suka ɗauko su suka kawo. Babu dokar majalisa da ta hana su.

Na Landan sun iso a Afrilu. Ranar 1 ga Mayu aka buɗe baje-kolin a gidan tarihin fada bayan an yi masa gyara. Cikin abin da jama'a suka gani akwai takobin mulki da ake kira Mpomponsuo, irin wanda hakimai ke yin mubaya'a a kansa. Da lofe na zinariya. Da faya-fayan zinariya da ake kira akrafokonmu, waɗanda masu hidimar tsarkake ruhin sarki ke ratayawa a ƙirji. Da hular sarauta ta fata mai adon zinariya. Akwai kuma wata 'yar molo ta zinariya da tarihinta ya bambanta da sauran: Sarki Osei Bonsu ne ya ba manzon Turawan Ingila Thomas Bowdich ita a 1817 kyauta, lokacin da ake zumunci. Wannan ba ganima ba ce, ita ma aka aro ta, ta zauna kusa da waɗanda aka ƙwata.

Mai ziyara da bai karanta rubutun da ke jikin gilashi ba ba zai bambanta na Fowler da na Landan ba. Bambancin yana cikin takarda: wasu sun zo ke nan, wasu ana ƙirga musu kwanaki. Akwai wani bambancin kuma. Abin da aka mayar, fada na iya fito da shi ranar biki a yi hidimar da aka ƙera shi dominta. Abin da aka aro yana zama a cikin gilashi bisa sharaɗin mai bayarwa.

Bayan buɗewa

A Yunin 2024 gidan tarihin Jami'ar Kambirij ya aika da abubuwa 39 zuwa Yuganda, shi ma aro na shekara uku da ake iya sabuntawa. A Nuwamba kamfanin haƙar zinariya na AngloGold Ashanti ya miƙa wa fadar Manhyia kayan zinariya 28 daga tarin da yake da shi a Afirka ta Kudu. Gidan da a da ba shi da abin nunawa na zamanin da Asante ke kan ganiyarta ya zama inda masu son mayarwa suka san za su nufa, domin an ga yana da ɗaki da tsaro da ma'aikatan da manyan gidaje biyu suka amince da su.

Amma 32 ɗan kaso ne. Kan mutum na zinariya da Richard Wallace ya saya a 1874, wanda yana cikin mafi girman ƙirar zinariya da ta tsira daga Afirka ta Yamma, yana nan a gidan tarihin Wallace a Landan. Wannan gida ya yi fiye da shekara 100 ba ya ba da aro ko kaɗan, saboda yadda aka fahimci wasiyyar matar Wallace da ta bar wa ƙasa tarin a 1897. A 2019 aka sake duba wasiyyar, aka ce ba ta hana ba, gidan ya fara ba da aro. Akwai wasu kayan Asante a tarin gidan sarautar Ingila da gidajen tarihin rundunonin soja.

Abin da ya yi aiki, da abin da nake gani

Buƙatar 1974 ta faɗi ne domin ta nufi ƙofar da doka ta kulle, kuma mabuɗin yana hannun majalisar da ba ta da niyyar buɗewa. Ta 2023 ta yi nasara domin an canza masu sa hannu, daga gwamnati zuwa fada. An ajiye maganar mallaka a gefe ba tare da kowa ya janye tasa ba. An tura mutanen da suka san juna. Akwai ranar da ba za a ɗaga ba. Sannan masu riƙe da kayan sun faɗi gaskiyar yadda suka same su. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne. Da sun ci gaba da cewa sayen halal suka yi daga Garrard, da karɓar aron ya zama wulaƙanci tsantsa.

Masu fushi suna da gaskiya, kuma ban ga amfanin a lallashe su ba. A fiƙihun da muka taso muna ji a zaure, babin aro daban, babin ƙwace daban. Wanda ya ƙwaci abu wajibinsa ya mayar, kuma sayar da shi ga wani ba ya wanke shi. Tarar da aka karɓa daga mutanen da aka ƙone wa gari ba ciniki ba ce. Kayan aro kuma, kamar yadda aka sani, ba ya rufe katara. Ina jin zafin cewa magajin Kofi Karikari ne zai sa hannu a takardar da ta kira wani mai kayan.

Duk da haka ina ganin Sarki ya yi daidai da ya karɓa. Tsakanin 1974 da 2024 an haifi mutane a Kumasi, sun girma, wasu sun mutu, ba su taɓa ganin waɗannan kaya ba. Maƙeran zinariya na garin ba su ga aikin kakanninsu da ido ba sai a hoto. Tsayawa a kan "ko duka ko babu" ya kare mutunci, amma yaran makaranta ne suka biya kuɗinsa, kuma bai motsa majalisar Birtaniya ko taku ɗaya ba. Takobin Shehu Umar ya nuna aro yana iya zama matakin farko. Ba dole ne ya zama ba: Faransa ta yi doka, Birtaniya ba ta yi ba, kuma Hunt ya faɗa da bakinsa cewa kada a ɗauka haka. Amma mayar da abu Landan bayan dubban mutane sun gan shi a gidansa ya fi wuya a kan ƙin sakinsa tun farko, kuma duk ɓangarorin sun san da haka.

Inda nake ganin an fi yin sakaci shi ne kayan da babu rigima a kansu, irin molon Bowdich. Rumbunan gidajen tarihin Turai cike suke da abubuwan da aka saya ko aka bayar kyauta, mafi yawansu ba sa ganin rana. Akwai manyan rigunan Hausa da na Nufe masu aska, da aikin dukawa, da sirdi da linzami na ƙarni na 19. Aron waɗannan ba ya tilasta wa kowa ya haɗiye wata magana mai ɗaci. Abin da zai kawo su Gidan Makama a Kano, ko gidan tarihin Jos, ko na Boubou Hama a Yamai, shi ne abubuwan da aka lissafa a sama: ɗaki ɗaya da aka gyara ya cika sharaɗi, dokar da ke tabbatar wa mai bayarwa kayansa za su koma, tsayawar gwamnati a madadin inshora, da ma'aikatan da aka horar. Masu bayarwa kuma su ɗauki kaso na kuɗin jigila, su daina neman ɗakin Kumasi ya yi sanyin ɗakin Landan ga abin da aka ƙera a Kumasi. Haka nan tsakaninmu: babu dokar 1963 da ta hana Yamai ta ara wa Kano, ko Kumasi ta ara wa Kaduna.

Ga kayan ganima kuwa, sharaɗina ɗaya ne: a rubuta a takardar aro cewa karɓa ba ta soke da'awa ba, a kuma rubuta a jikin gilashi ranar da aka kwashe abin da sunan rundunar da ta kwasa.

Wa'adin farko na kayan Manhyia zai cika a 2027. Idan aka sabunta, zai kai 2030. Dokar 1963 da ta 1983 ne za su yanke abin da zai biyo baya, kuma muddin suna nan yadda suke, ma'aikata za su zo daga Landan da akwatuna da takardun duba lafiyar kaya, su kwance takobin Mpomponsuo daga mazauninsa, fada kuma ta riga ta ba da kalmarta cewa za ta buɗe musu ƙofa.